Yadda Ake Sassaƙa Kek Mai Siffar Ƙwaryar Fura a Gida

Duk matar da ta iya gasa kek a gwangwani, hannunta zai iya sassaƙa shi. Abu biyu ne na ga suna kayar da masu koyo a nan Makka: kek mai laushi da ba ya jure wuƙa, da zafin garinmu da ke narkar da kwalliya tun kafin a isa wurin taro. In kin san maganin waɗannan biyun, sauran duk haƙuri ne da firji.

Siffar da nake fara koyarwa ita ce ƙwarya cike da nono, da curin fura a kai, ga ludayi, ga faifai jingine a gefe. Ina son ta ne saboda ƙwarya ba ta da kusurwa. Ko wuƙarki ta ɗan karkace babu mai ganewa, don ƙwaryar gaske ma haka Allah ya yi ta. Kuma ba surar mai rai ba ce, babu wanda zai yi ƙyashin a ajiye ta a walima ko suna. Ga shi idan aka shigo da ita wurin biki, tsofaffinmu da suka daɗe rabonsu da gida su ne ke fara miƙewa su zo kallo. Wannan awon da zan bayar yana isar mutum 20 zuwa 25.

Ki sani tun yanzu aikin kwana 4 ne. Idan taron daren Alhamis ne bayan Isha'i, kamar yadda aka saba a nan, to Litinin za ki fara.

Kayan aiki

Ki tanadi gwangwanin gashi zagayayye guda 2, faɗin santimita 20, zurfin kamar santimita 7. In ɗaya gare ki, ki gasa sau biyu. Sai sikelin kicin, wanda ba na yarda a yi wannan aikin babu shi, domin awon kofi yana yaudara. Sai doguwar wuƙar burodi mai haƙora, da ƙaramar wuƙa mai kaifi, da wuƙar shafa kirim marar kaifi. Sai faifan juya kek. In babu, ki zaro farantin gilashi na maikirowef da zoben da yake juyawa a kai, ki aza su a tebur, aiki ɗaya suke yi.

Za ki buƙaci kwalin ɗora kek guda 3: na santimita 12 wanda zai zama gindin ƙwarya, na santimita 15, da babba mai kauri na santimita 30 wanda za a kai kek ɗin a kansa. Sai sandar murji doguwa, rariya, ledar naɗe abinci, takardar gashi, tsinken tsire, zare, ƙaramin burushin zane sabo da bai taɓa fenti ba, da bututun shan lemo masu faɗi guda 4. Ki kuma yanko wani fallen roba mai lanƙwasuwa daga murfin robar ayis kirim, girman tafin hannu. Da shi ake goge jikin abu mai zagaye. Yawancin waɗannan ana samun su a shagunan abu hamsa, wato shagunan kayan arha, ba sai kin je neman masu tsada ba.

Kayan haɗi

Na kek: bota giram 500 marar gishiri, sukari giram 500, ƙwai 9, fulawa giram 650, bekin foda ƙaramin cokali 4, laban (wato nono) ko madara mililita 150, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin banila ko garin hel (kayan ƙamshin da ake sa wa gahawa) yadda kike so.

Na ganash, wato haɗin cakulan da kirim da za a shafe kek ɗin da shi: farin cakulan giram 900, kirim ɗin bugawa giram 300, mai kitse kashi 35 cikin 100. Da rani ki kai cakulan ɗin kilo 1. Kada ki ɗauko gishɗar gwangwani da muke ci da zuma da safe, ba ita ba ce, ba za ta daskare yadda ake so ba.

Na lulluɓi: fondan kilo 1 da rabi, wato kwaɓin sukari da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, wanda masu shago a nan ke kira ajinatus sukkar. Sai kala ta kwaɓi, rawaya da ruwan ƙasa da ja da kore, ƙaramin cokali 2 na garin CMC (garin da ke sa fondan ya ƙage), garin sitaci na masara, ɗan daskararren mai irin Crisco, garin koko, madarar gari, citta da kanumfari. Bota da cakulan da kirim akwai su a manyan kantuna irin Panda da Bin Dawood da Danube. Fondan da kala da CMC sun fi samuwa a shagunan kayan halawa.

1. Litinin: ludayi da faifai

Su ake fara yi saboda suna son kwana 2 zuwa 3 kafin su bushe. Ki ɗebi fondan giram 400, ki barbaɗa masa CMC ƙaramin cokali 1 da rabi, ki murza sosai. Shi ne zai sa ya ƙage.

Ki ware kamar giram 100 ki ba shi kalar ƙwarya. Ki murza shi da kaurin milimita 4, ki yanke zagaye, ki kifa shi a bayan ƙaramin cokalin miya da kika barbaɗa wa sitaci. Mariƙin kuma ki naɗe fondan a jikin tsinken tsire, ki shafa ɗan ruwa ki manna shi da kokon. Ki tokare shi da takarda don kada ya sunkuya.

Sauran ki raba shi kala-kala, ki mulmula dogayen igiyoyi masu kaurin fensir. Ki fara naɗi daga tsakiya kamar yadda ake fara saƙar faifai, kina shafa ɗan ruwa tsakanin layi da layi, kina sauya kala bayan kowane zagaye 2, har faɗinsa ya kai santimita 14. Sai ki bi da bayan wuƙa kina daddanna ƙananan tsaga a kan kowane layi, su ne ke fito da kamannin saƙar kaba. Ki bar su a sarari ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba a firji ba.

In kin ga wannan zai cinye miki lokaci, ki sa ludayi da ƙaramin faifai na gaske. Ana samu a Shara Mansur, kuma 'yan'uwa kan zo da su tsaraba lokacin Umara. A wanke ludayin, a goge faifan, a sa takardar gashi tsakaninsa da kek.

2. Talata: gashi

Kek ɗin da ake sassaƙawa dole ya zama mai jiki, mai ƙananan idanu. Soson kek mai iska, irin wanda ake jiƙawa da madara, da na kwali da ake kwaɓawa da mai, suna da daɗi a baki, amma wuƙa na taɓa su sai su marmashe, kuma ba sa ɗaukar nauyin fondan.

Ki fito da bota da ƙwai daga firji sanyinsu ya fita, amma ki kula. Da rani rabin awa ta isa, domin bota tana narkewa ne daga digiri 32 zuwa 35, kuma kicin ɗinmu yakan wuce haka. Ana son ki danna ta da yatsa ta lotsa, ba ta yi ƙyalli ba. Ki buga ta da sukari minti 5 har ta yi fari. Ki riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina bugawa. In kin ga haɗin ya fara tsinkewa, ki zuba cokali 1 na fulawa ya kama shi. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri da hel, ki zuba a kashi 3 kina sa laban a tsakani. Da zarar fulawa ta ɓace ki tsaya, yawan bugu bayan nan tauri yake kawowa.

Ki raba a gwangwani biyu da sikeli, ki gasa a digiri 160 na tsawon minti 75 zuwa 90. Wutar a hankali ake so, saboda kek ɗin mai zurfi ne. Ki soka tsinken tsire a tsakiya, in ya fito a bushe ya gasu. Masu obin na gas, wanda wutarsa ke ƙasa, su sa farantin ƙarfe da babu komai a layin ƙasa, kek ɗin kuma a layin tsakiya, in ba haka ba gindin zai ƙone alhali cikin bai nuna ba. In saman ya fara duhu da wuri, a yafa masa takardar foyil.

Ya huce sarai, ki naɗe shi da leda ninki biyu, ya kwana a firji. Kek ɗin da aka gasa yau ba a sassaƙa shi yau.

3. Talata da dare: ganash

A nan nake saɓa wa yawancin bidiyoyin da za ki gani a intanet, inda ake shafe kek da kirim ɗin bota. Masu yin su a ƙasashen sanyi suke. A garin da zafi ke haura digiri 45 a watan Yuli, kirim ɗin bota yana saki a ƙarƙashin fondan, sai ki ga ƙwaryarki ta yi tumbi ta gefe ɗaya. Ganash kuwa idan ya daskare ɓawo yake zama, ya riƙe siffar da kika sassaƙa.

Ki yayyanka cakulan ƙanana a kwano busasshe. Ki ɗora kirim a wuta har ya fara ƙananan kumfa a gefen tukunya, kada ya tafasa ya yi bori. Ki juye a kan cakulan, ki bar shi minti 2 ba tare da kin taɓa ba, sannan ki juya daga tsakiya a hankali. In akwai sauran gudaji, ki sa a maikirowef na daƙiƙa 15, ki juya, ki sake. Farin cakulan yana da saurin ƙonewa, kada ki ba shi dogon lokaci a tashi ɗaya. Ki manna leda a fuskarsa, ya kwana a ɗaki mai mukayyif. Da safe za ki ɗebo da cokali ki kifa, ba zai zubo ba, amma zai shafu. In ya yi tauri da yawa, daƙiƙa 10 a maikirowef ta isa.

In farin cakulan ya yi miki tsada, ki yi da baƙi: giram 800 da kirim giram 400. Sai dai ki sayi ɗan farin giram 150 don nonon da za a zuba a sama, kuma ki bar fondan ɗinki da ɗan kauri don kada duhun ya nuna.

4. Laraba da safe: jerawa

Ki yanke tudun da ke saman kowane kek ya zama shimfiɗaɗɗe, sannan ki raba kowanne gida biyu a kwance. Kin sami falle 4, kowanne kusan santimita 3. Ki dafa sukari da ruwa awo ɗaya, ki ɗiga ruwan wardi, ya huce, ki shafa kaɗan a kowane falle da burushi. Kaɗan nake nufi. Kek da ya jiƙe ba ya sassaƙuwa.

Ki shimfiɗa takardar gashi a kan faifan juyi, ki jera fallen kina shafa ganash tsakaninsu, kaurin da bai wuce rabin santimita ba. Kada ki sa jam ko yankan 'ya'yan itace a tsakani, suna sa falle ya zame. Ki danna saman da tafin hannu, ki manna kwalin santimita 12 a daidai tsakiya da ɗan ganash. Ki auna da ma'auni ta ko'ina, santimita 4 ya rage a kowane gefe. Sai firiza na minti 45 zuwa awa 1. Ana son ya yi ƙarfi, ba ya zama dutse ba.

5. Sassaƙa

Yanzu ƙwaryarki a kife take: wannan kwalin na sama shi ne gindinta, ƙasan kuma bakinta. A kife ake sassaƙa ta saboda nauyi yana zaune a kan faffaɗan gefe, kuma idonki ya fi ganin zagayen. Ki kifa ƙwarya ta gaske ko kwanon silba a kusa da ke, ki riƙa dubawa.

Ki soka tsinken sakace kewaye da kek ɗin a tsayin santimita 3 daga ƙasa. Daga nan zuwa ƙasa wuƙa ba ta taɓawa, nan ne bakin ƙwarya. Ki kama wuƙar burodi, ki aza ta a gefen kwalin sama a karkace, ki riƙa yin zarto gajere-gajere kina juya faifan da ɗaya hannun. A zagayen farko kusurwar sama kawai za ki cire, yanki siriri da bai fi kaurin yatsa ba. Ki sake zagayawa ki cire sabuwar kusurwar da ta fito. Haka za ki yi ta yi, kowane zagaye wuƙar na ƙara miƙewa tsaye yayin da kike sauka zuwa ga tsinkayen. Hannun da ke riƙe da wuƙa kusan a wuri ɗaya yake, faifan ne ke tafiya.

Kuskuren da kusan kowace mai koyo ke yi shi ne yanka ɗaya babba daga kwali kai tsaye zuwa ƙasa. Wannan mazurari yake bayarwa, ba ƙwarya ba. Ƙwarya tana da ciki, tana kumbura ne kafin ta tsuke. Abin da kika bari za ki iya ragewa an jima, wanda kika yanke kuwa ya tafi. Bayan kowane zagaye 2 ki ajiye wuƙa, ki ja baya taku 3, ki durƙusa idonki ya yi daidai da kek ɗin, ki juya shi a hankali. Daga sama ba a ganin karkata.

Idan kin ji wuƙar ta fara jan gutsattsari maimakon ta yanka, sanyin kek ɗin ne ya fita. Ki mayar da shi firiza minti 15. Da rani za ki yi haka sau biyu ko uku, kuma ya fi kyau ki ɗauko teburin aikin daga kicin ki kawo shi falo inda mukayyif yake. In kin zurma wuƙa wani wuri ya yi rami, ki cuɗa gutsuren kek da ɗan ganash ki cike, ki lallashe da yatsa. Daga ƙarshe ki shafa tafin hannu a jikinsa ko'ina, hannu yana jin tudun da ido bai gani ba. Gutsattsarin duk ki tara a kwano ki rufe, su ne furarki.

6. Shafe na farko da na biyu

Ki shafa ganash siriri ko'ina, wanda har ana hango kek ta cikinsa. Aikinsa kama burbushi ne kawai. Firji minti 20. Sai ki shafa na biyu mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ki lanƙwasa fallen robar nan ya bi zagayen, ki ja shi daga ƙasa zuwa sama kina juya faifan. Kada ki rufe kwalin gindi, ki tsaya a gefensa. Firji kuma na awa 1.

Ki daure ki gyara wannan shafen da kyau. Fondan ba ya ɓoye aibi, duk tudu da kwarin da ke ƙarƙashinsa sai ya nuna. In akwai layin da ya ƙi gogewa, ki tsoma wuƙar shafi a ruwan zafi, ki goge ta ta bushe, ki bi ta kansa.

7. Juyawa da fafe baki

Ki sa hannu ɗaya a kan kwalin gindi, ɗayan a ƙarƙashin takardar gashi, ki juya shi gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Yanzu ya zauna a gindinsa. Ki zana da'ira da ƙaramar wuƙa, ki bar santimita 2 daga baki, ki fafe cikin da cokali zurfin santimita 1 da rabi, ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe. Ki soka bututun shan lemo guda 4 har su taɓa kwalin gindi, kusa da tsakiya, ki datse su daidai da ƙasan ramin. Su ne ke hana fallen zamewa a mota. Ki shafe ramin da leɓen ƙwaryar da ganash, ya kwana a firji cikin kwali.

8. Alhamis da safe: lulluɓi

Wadda ba ta sami fondan na saye ba za ta iya haɗa nata tun ranar Lahadi, kafin a fara ludayi da faifai: farin mashmelo giram 500 da ruwa cokali 3 a narkar a maikirowef, a riƙa zuba tankaɗaɗɗen garin sukari kusan kilo 1 ana murzawa da hannu mai maiƙo, a naɗe a leda ya kwana. A duba jikin leda a tabbatar jelatin ɗin da ke ciki na halal ne, musamman in daga waje aka aiko da shi.

Ki murza fondan kilo 1 har ya yi laushi. Ki ɗiga rawaya da bakin tsinke, da ɗan ruwan ƙasa kaɗan. Kada ki murza har kalar ta haɗe sarai, ɗan dabbare-dabbaren nan shi ke sa ta yi kama da ƙwaryar da aka daɗe ana amfani da ita. Kalar ruwa ta kwalba tana sa fondan ya yi danƙo, ki guje ta.

Ki sa takardar gashi da kwalin santimita 15 a cikin ramin bakin, ki sake kifa kek ɗin a kan wani gwangwani mai tsayi, yadda leɓen ƙwaryar zai kasance a sarari bai taɓa komai ba. Ki auna da zare daga leɓe, ta kan gindi, zuwa ɗaya leɓen, ki ƙara santimita 8. Wannan ne faɗin da za ki murza, da kaurin milimita 4. Ki shafa wa ganash ɗin ɗan Crisco siriri don fondan ya kama. Ki naɗo fondan a sandar murji, ki warware shi a kan kek ɗin.

Daga nan sauri ake so. Ki fara lallashe sama, ki riƙa saukowa. Inda ya yi ninki, ki ɗaga gefen ki buɗe shi waje da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya shafo shi ƙasa. Kada ki ja shi ƙasa, zai yage a kafaɗa. In kin isa leɓe, ki rage rarar da almakashi ki bar santimita 3, ki tura ta ciki ta rufe leɓen. Ki yanke da'irar fondan da ke kan kwalin gindi ki cire. In iska ta taru wani wuri, ki huda da sabuwar allura ta gefe, ki lallasa.

Iskar Makka busasshiya ce, ga mukayyif na ƙara busar da ita. In kin bar fondan a buɗe minti 5, fuskarsa za ta tsattsage kamar kaushin dunduniya. Saboda haka a nan ki murza shi a kan ɗan maiƙo, ba sitaci ba, kuma ki karkatar da iskar mukayyif daga teburin. 'Yan'uwanmu na Jidda matsalarsu akasin wannan ce: laimar teku na sa shi danƙo da zufa. Su su yi amfani da sitaci, su ƙara rabin ƙaramin cokali na CMC a cikin kilon. A watannin da laima ta yi tsanani ma, shawarata su bar fondan gaba ɗaya. A ba wa farin ganash kalar ƙwarya da ɗan garin koko da kurkum kaɗan, a yi shafe na uku mai santsi, a yi zanen a kansa. Yana kyau, kuma mutane da yawa sun fi son ɗanɗanonsa.

9. Zanen ƙwarya

Tun yana kife, cikin minti 15 na farko kafin fondan ya bushe, ki zana da bayan ƙaramar wuƙa. Layi 2 kewaye da baki, tsakaninsu ƙananan dala-dala, sai wasu layuka da suka sauka zuwa gindi, irin zanen da ake ƙona wa ƙoren Fulani. Dannawa za ki yi, ba yankawa ba. Ki kwaɓa garin koko da ɗigon man girki ya yi kauri, ki bi cikin layukan da burushi. A bidiyon Turawa za ki ga suna tsinka kala da barasa don ta bushe da wuri. Koko da mai ya wadatar da mu, kuma kalarsa ta fi kama da ƙuna ta gaske. Ki bar shi awa 1 ya sha iska, sannan ki juya shi a karo na ƙarshe, ki manna gindin a kan babban kwali da ganash cokali 2, ki zare kwalin da ke cikin baki.

10. Nono da fura

Ki ɗebi farin ganash kamar giram 200, ki ɗumama shi kaɗan da cokali 2 na kirim har ya zama mai zubowa, amma ba mai zafi ba. Ki zuba a ramin, ki bar rabin santimita na leɓe a sarari. Ki murmushe gutsattsarin kek, ki sa ganash cokali 3, da ɗan garin citta da kanumfari, ki cura ƙwallaye 5 ko 6 masu girman ƙwan zabo. Ki birgima su cikin madarar gari da aka gauraya da ɗan koko kaɗan har ta yi toka-toka. Wannan ƙamshin na citta da kanumfari ne ke sa wanda ya ɗauki curi ya tsaya ya sake shinshinawa. Ki jera 3 a kan nonon kafin ya daskare, ki gutsura ɗaya ki watsa burbushinsa, sauran ki ajiye su a kan kwali gefen ƙwaryar. Ludayi da faifai kada ki ɗora su sai an isa wurin taro.

11. Ajiya da kaiwa

In ɗakinki na riƙe sanyin digiri 20 zuwa 22, ki bar kek ɗin a nan cikin kwalinsa har yamma. In dole sai firji, ki sa shi a kwali ki naɗe kwalin da leda. Idan kin fito da shi kada ki buɗe sai bayan awa 1 a ɗaki mai sanyi, raɓar za ta sauka a kan kwalin maimakon kek ɗin. In duk da haka ya yi zufa, kada ki taɓa, kada ki goge. Ki kunna masa fanka, zai bushe da kansa.

A kunna mukayyif na mota minti 10 kafin a fito da kek. Wurinsa ƙasan mota ne, gaban kujerar gaba, a kan jiƙaƙƙen tawul da aka matse don kada ya zame. Kujera a karkace take, cinya kuma tana da ɗumi, but ɗin mota kuwa sanyi ba ya isa can. Unguwanninmu da yawa a kan duwatsu suke, ki roƙi direba ya bi gangara da hawa a sannu. In Jidda za a kai shi daga Makka, tafiyar kusan awa 1 ce, ki jira bayan Magariba, ki kuma jera robobin ƙanƙara naɗe da tawul kewaye da kwalin. Ki tafi da ɗan ganash a leda da burushi da kwaɓin koko don gyaran abin da hanya ta taɓa.

A wurin taro ki nemi tebur nesa da ƙofa da fitilu masu zafi, ki jingina faifan, ki kwantar da ludayin a kan leɓe. Ki gaya wa uwar biki akwai bututu 4 a ciki da tsinke a mariƙin ludayi, a cire su kafin a miƙa wa yara. Wajen yanka a tsoma wuƙa a ruwan zafi a goge, a raba ƙwaryar biyu ta tsakiya, a kwantar da kowane rabi a kan yankakken gefensa, sannan a yayyanka. Abin da ya rage a naɗe shi da leda a sa a firji, zai kai kwana 4.